Kamu Ɗaya na Zaren Kaset

Ƙarar na fara ji kafin in ga komai, wata 'yar ƙara ƙasa-ƙasa kamar ana murza takardar alewa a tafin hannu. Duk wanda ya taɓa gyaran bidiyo ya san ma'anarta. Na yi wuf na fizge wayar wuta daga bango, amma na makara. Da na kwance murfin na'urar sai na tarar zaren kaset ɗin ya fito ya nannaɗe ƙarafan ciki, ya cukurkuɗe, wani wajen har ya tsage. Kaset ɗin Baba Labule ne, maƙwabcina, wanda ya damƙa mini hannu da hannu wata uku da suka wuce, a naɗe cikin ɗankwalin marigayiya matarsa.

Ranar da ya kawo shi sai da ya ja mini kunne. Ya ce kaset ɗin ya yi fumfuna, in buɗe shi in goge zaren da hannu kafin ya shiga kowace na'ura, sannan in juye masa a filashi don jikarsa ta gani. Ni kuwa na yi dariya na tambaye shi ko yau shi zai koya mini aikina. Na ɗora kaset ɗin a kan kanta, saman matattun rediyoyin da masu su suka manta da su, nan ya zauna yana shan ƙura. Kullum da hantsi Baba zai zo ya zauna a bencin ƙofar shagona, mu gaisa, mu taɓa hira. Bai taɓa tambayata ba. Ido kawai yake ɗagawa ya dubi kantar, ni kuma in ce masa gobe.

A safiyar nan 'yarsa, wadda duk layinmu ke kira Malama saboda koyarwa take yi, ta tsaya a shagon za ta wuce makaranta. Ta ce ƙafafun Baba sun kumbura, likita ya hana shi fita, kuma ba shi da zance sai na kaset. Ta roƙe ni ko zai samu zuwa jibi. Kunya ce ta sa ni gaggawa. Tana juya baya na sauko da shi, na hure ƙurar da baki, na cusa shi a tsohuwar bidiyon da ni kaina na san an daɗe ba a goge kan da ke karanta zaren ba.

Abin da na yi bayan nan shi ne abin da muke yi kullum a sana'armu. Na zaro zaren a hankali, na sa reza na yanke wajen da ya taune, bai wuce kamu ɗaya ba, na haɗa bakin biyu da ɗan salatif. Shekara talatin ina yi wa kaset ɗin biki haka. Amarya tana zaune, hoto ya ɗan yi tsalle, sai ga ta a tsaye, kuma babu wanda ya taɓa dawowa ya ce an rage masa wani abu. Guntun zaren na dunƙule na jefa a aljihun tebur cikin kusoshi da tsofaffin fis. Sai a sannan na yi abin da ya kamata in fara yi: na goge zaren da auduga da sifirit, na mayar da shi farko, na juye. Farkon shirin kawai na kalla. Ina iya cewa aiki ne ya yi mini yawa, amma gaskiyar ita ce tsoron duba ƙarshen nake ji.

Wanda bai kai shekaruna ba ba zai gane abin da ke cikin kaset ɗin nan ba. Muna yara, talabijin ɗaya ce a layinmu, mai akwatin katako da ƙofofi biyu da ake zugewa, hotonta baƙi da fari. Tashar ba ta buɗewa sai ƙarfe huɗu na yamma, amma tun uku da rabi muke zube a ƙasa muna kallon layukan da ke tsaye a gilashi, muna jira. Idan hoto ya yi yayyafi, babban cikinmu zai hau katanga ya riƙa juya eriya yana tambaya ko ya yi, mu kuma mu haɗa baki mu ce ya koma baya kaɗan. Manya suna da nasu, labarai da wasan kwaikwayon da ke biyo bayansu, mu kuwa namu shi ne Gemu. Gemu bunsuru ne na tsumma da ake sa wa hannu, yana leƙowa daga bayan tebur, kusa da wata mata da muke kira Anti. Anti za ta karanta wasiƙun yara, Gemu ya fizge ya cinye, ta yi masa faɗa, ya ba da haƙuri, ya sake cinye wata. Shi ke nan shirin, kuma saboda shi na sha bulala ba adadi a kan aiken da na bari a hanya.

Baba Labule ya ce shi ne Gemu. Shekara goma sha ɗaya, in ji shi, yana kwance ƙarƙashin tebur a bayan baƙin labule, hannu a sama, fitilun ɗakin shiri suna gasa shi, yana kallon wata 'yar talabijin a ƙasa don ya san inda bunsurun ya juya. A lokacin kai tsaye ake yin komai, abin da ka yi shi ya tafi, kuma ko an ɗauka a faifan tasha, mako na zagayowa za a goge a ɗora wani. Ba a rubuta sunansa, domin kada yara su san akwai mutum a ciki. A takardar aikinsa ma kafinta aka rubuta, don shi ke haɗa tebura da ƙofofin wasan kwaikwayon manya. Yawan faɗar "ina bayan labule" ne ya jawo masa sunan.

Mu dai a layi muna jinsa ne kawai. Muryarsa ta dishe tuntuni, idan ya gwada kukan bunsurun sai tari ya sarƙe shi. Tela, wanda shagonsa ke jikin nawa, yakan ce shi ma ai shi ne Anti, gemu ne ya fito masa daga baya. Baba sai ya yi murmushi ya ɗaga hannunsa na dama ya nuna ɗan ƙaramin yatsansa da ya lanƙwashe waje. Ya ce tayar kyamara ce ta taka shi ana tsakiyar shiri, ba damar ihu, sai ya mayar da ihun kukan bunsuru, yara a gida suna ta dariya. Na tuna ranar da Gemu ya yi wani kuka mai tsawo har Anti ta daburce, amma na ce a raina duk wanda ya kalli shirin zai iya ƙulla wannan labari. Hujjarsa ɗaya ce. A shiri na ƙarshe, kafin a daina, an bar shi ya miƙe ya nuna fuskarsa, wani abokin aikinsa ya ɗaukar masa a kaset na gida. Malama tana goye a lokacin, kuma sau ɗaya da ta ga kaset ɗin tana ƙarama, bunsurun kawai take iya tunawa.

Duk tsiyar da muke masa ba ta damunsa kamar ta jikarsa, 'yar shekara bakwai, wadda yake kira Amarya. Ita ba ta ɓoye-ɓoye. Takan haye cinyarsa ta ja masa gemu ta ce mijin nata ya cika ƙarya, ai mai irin wannan fuskar ba a sa shi a talabijin. Shi kuma ya ce ta jira Injiniya ya gama aikinsa, za ta ga saurayin da ta yi sa'ar samu. Ni ne Injiniyan.

Ranar da aka sa, bayan an taso makaranta, na ɗauki talabijin ɗin shago na shiga gidan. An gyara ɗakin Baba, an jingina shi da matasai biyu, ya sa farar riga da hula kamar mai jiran baƙi daga nesa. Kwalaben magani an jera su a kan taga. Tela ya rufe shago ya zo, mai shagon kusurwa ma ya leƙo ya tsaya a bakin ƙofa. Malama ta zauna a gefen gado, Amarya ta baje a ƙasa dab da gilashin, yadda muke yi a da.

Kiɗan buɗe shirin na tashi, Tela ya fara binsa da baki, mutumin da jikokinsa suka kai biyar. Ga Anti da ɗaurin kallabinta, ga Gemu ya leƙo da kunne ɗaya a karye. Da ya cinye wasiƙar farko Amarya ta kwanta da dariya, mai shago ya shigo ciki sosai ya nemi wuri. Ni ban yi dariya ba, hannun Baba nake kallo. Yana kan bargo, yatsun suna buɗewa suna rufewa daidai da bakin bunsurun, ba ya riga shi, ba ya bari ya riga shi, ko a wurin atishawa. A nan na san mutumin nan bai taɓa yi mana ƙarya ba, kuma a nan na tuna guntun zaren da ke aljihun tebur.

Da shirin ya zo ƙarshe, Baba ya gyara hularsa ya ce, "Amarya, matso. Kada ki ƙifta ido."

Anti ta dubi kyamara ta ce, "Yara, yau kafin mu yi sallama, akwai wanda nake so ku gani." Ta juya wajen teburin. Hoton ya yi ɗan tsalle, sai ga agogon tasha yana tafiya.

Amarya ta jira, ta leƙa bayan talabijin ɗin, sannan ta juyo.

"Kaka, to ina kake?"

Baba ya dube ni. Bai daɗe ba, bai kuma haɗe rai ba, ya dube ni ne kawai ya kawar da kai. Bakina a lokacin ya kamata ya buɗe, kalma biyar ta isa. Na sunkuya ina naɗe waya.

"Ƙila a wani kaset ɗin ne," in ji shi. "Tsufa ke nan, Amarya."

Tela ya yi 'yar dariya ta tausayi ya ce ba komai, ai an sha kallo. Amarya ta ce dama ta faɗa. Da na fito da talabijin a kafaɗa, Malama ta biyo ni tsakar gida idonta ya ciko. Ta ce likita ya gargaɗe ta cewa ciwon zai iya taɓa tunaninsa, ya riƙa haɗa abin da ya faru da wanda bai faru ba, ga shi ta gani da idonta. Ta yi mini godiya a kan wahalar da na sha. Na gyaɗa kai, na ce Allah ya ba shi lafiya, na fita.

Washegari ban iya shiga gidan ba. Na wuni ina kwance rediyon da ba abin da ya same ta, ina jin Tela ta bango yana ba masu kawo ɗinki labari, yana cewa tsufa ba shi da kirki. A rana ta biyu Amarya ta zo ƙofar shago ta ce kakanta na kira.

Na same shi shi kaɗai, an cire hular, numfashinsa yana fita da ƙyar. Ya nuna mini kujera, ya bari na gama gaisuwata mai tsawo ta marar gaskiya.

"Da reza ka yanke ko da almakashi?"

Na ce da reza.

"Na sani. A karkace ka yanka, shi ya sa haɗin ya kwanta. A tasharmu ma mutum ɗaya ne ya iya irin wannan."

Na fara ba shi haƙuri, maganar tana harɗewa. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce shi ma da laifinsa, domin bai gaya mini ba cewa da gangan yake barin kaset ɗin a daidai wurin, ba ya mayar da shi farko, don duk wanda ya saka, fuskarsa ce za ta fara fitowa. Wato abin da na'urata ta fara kamawa ta tauna shi ne abin da ya ajiye shekara da shekaru. Na tambaye shi me ya sa bai tona ni ba a gaban mutane, ya bari aka ɗauke shi mai ruɗewa.

"Shagonka a bakin layi yake, da shi kake ci da iyali, Tela kuma bakinsa ba ya rufuwa," in ji shi. "Ni kuwa na saba zama ƙarƙashin tebur."

Ya so ya yi dariya, tari ya hana shi. Da ya lafa ya tambaye ni ko na zubar da guntun. Na ce yana nan. Ya ce to in gwada, ko da sakan biyu ne, yarinyar nan kawai yake so ta gani.

Daga ɗakin nan tsakar gida taku biyar ne, kuma Malama tana nan tana wanke kofuna. Da na tsaya na gaya mata, da a yammacin nan ta shiga ta ce masa ta yarda, ta gaya wa 'yarta. Na wuce ta da sallama. Na ƙudurta cewa sai na gyara tukuna, in zo da laifina a hannu ɗaya, maganinsa a ɗaya hannun, don kunyar ta zo da sauƙi. Kaina nake tausayi, ba shi ba, kuma wannan ya fi yankan zaren ci mini rai har yau.

Na zazzage aljihun tebur na samo guntun a dunƙule, ya sha man inji a gefe guda. Kwana biyu na yi a kansa. Na wanke shi, na shimfiɗa shi tsakanin ƙyalle biyu masu laushi, na riƙa bin sa da kwalbar ruwan ɗumi a hankali har ya miƙe. Inda ya tsage na liƙe ta baya. Na haɗa shi a tsakiyar wani kaset da ba komai a kansa, na goge kan bidiyon sau uku, abin da minti goma ya isa in yi tun ranar farko. Da hantsin rana ta uku na saka shi, hoto ya fito. Ina cikin neman leda in sa kaset ɗin na ji takun gudu, sai ga Malama a ƙofar shago ba takalmi a ƙafarta ɗaya.

"Injiniya, zo ka duba mini Baba. Ina yi masa magana ba ya amsawa."

Yana zaune a kujerar bakin taga, inda ya roƙa a mayar da shi da safe don ya riƙa ganin layi. Daga nan ana hango ƙofar shagona. Shayinsa na gefe ya huce, kansa ya ɗan karkata, hannun dama yana kan cinya a buɗe. Na taɓa wuyansa, na riƙe hannun, na daɗe ban saki ba. Ni da Tela muka ɗauke shi muka kwantar a gado, ba shi da nauyi ko kaɗan. Amarya tana makaranta, sai da aka aika aka ɗauko ta. Kafin rana ta yi sanyi mun kai shi mun dawo.

Sai da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, bayan kwanaki, na shiga gidan da bidiyo da talabijin. Na ce wa Tela ya biyo ni, domin a gabansa aka yi na farko. A tsakar gida na tsaya na faɗi komai, tun daga wata ukun da kaset ya yi a kan kanta har zuwa gyaɗa kan da na yi wa Malama. Tela ya cire hularsa ya mayar. Malama ba ta ɗaga murya ba, na so a ce ta ɗaga.

"Kwana biyar ina yi masa magana kamar ƙaramin yaro," in ji ta. "Duk abin da ya ce sai in ce to, Baba, to. Yana kallona kawai."

Ta share fuska da gefen mayafi, ta buɗe ɗakin, ta kira 'yarta.

An naɗe katifar, kwalaben magani ba sa kan taga. Na ajiye talabijin a inda na ajiye ta wancan karon, na saka kaset. Gilashin ya yi shuɗi, ya yi yayyafi, sai ga teburin. Wani mutum siriri ya taso daga bayansa, rigarsa jiƙe da gumi, Gemu yana sanye a hannunsa har gwiwar hannu. Daga wuyansa zuwa sama fararen layuka ne ke ta gudu, inda na'urar ta fi taunawa, duk dabarata ban iya dawo da fuskar ba. Amma ƙasan hoton tas yake. Mutumin ya sa hannun hagu ya zare bunsurun, bunsurun ya langaɓe a kan tebur, hannun dama ya fito tsirara ya buɗe a daidai ƙirji yana yi wa yara sallama. Na danna na tsayar da hoton.

Amarya ta tashi a hankali ta matsa.

"Yatsan Kaka ne," ta ce.

Ta ɗora tafinta a kan gilashin, cikin tafin da ke ciki, wanda ya ninka nata girma. Yatsu huɗu suka hau daidai. Na biyar ɗin ya ƙi, sai ta sa ɗaya hannun ta lanƙwasa ɗan ƙaramin yatsanta waje, ta riƙe shi a haka, hoton yana ɗan rawa a ƙarƙashin hannunta.